Cibiyoyin Adana Bayanai, Ruwan Rima da Wutar Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da maganar ƙirƙirarriyar basira ta cika rediyo da wayoyi, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa a wuraren hira na Sakkwato, daga ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo har manoman fadamar Kwalkwalawa: me gine-ginen kwamfutar da take aiki a cikinsu, wato cibiyoyin adana bayanai, ke ci, kuma daga tulun wa za su sha? An tattara tambayoyin a nan, an sa musu lamba saboda amsar wata tana jingine da ta wata.

1. Wai mece ce cibiyar adana bayanai?

Gini ne shaƙe da kwamfutoci masu ƙarfi, jere a kantocin ƙarfe, ba allo, ba mai zama a gabansu. Kuɗin da mai POS ya tura maka, rajistar JAMB ta ɗiyarka, lambarka ta NIN, bidiyon da kake kallo a YouTube, duk ta irin wannan gini suke bi ko a can suke kwana. Kwamfutocin ba su da dare ba su da rana, ba su san Sallah ba.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne: kusan duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar waya daga wurin caji da azahar a watan Afrilu ya san haka a tafin hannunsa. Tara irin wannan zafi na dubban na'urori a ɗaki ɗaya, sai ginin ya zamo yana da buƙata biyu: wutar da zai yi aiki da ita, da hanyar fitar da zafin. Ta biyun ce ke jawo ruwa cikin magana (duba ta 3).

2. Akwai irinsu a Sakkwato ne? In ba haka ba, me ya kawo zancen?

Manyan cibiyoyin kasuwanci na Nijeriya a Legas suka taru, saboda can ne wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ke fitowa. Akwai Rack Centre a Ikeja, akwai na MainOne a Lekki, kamfanin da Equinix na Amurka ya saya a 2022 kan dala miliyan 320, akwai kuma wadda MTN ta buɗe a 2025. Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya yana da nasa a Abuja da Kano. Sakkwato ba ta cikin wannan jeri.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da masu irin wannan jari ke nema yanzu shi ne fili mai arha da rana mai ƙarfi, mu kuwa muna da duka biyun. Sharaɗin da aka gindaya kafin a ba da takardar fili kyauta ne. Wanda aka zo nema bayan an zuba kankare, an yanke kirtani, an ɗauki hoto da gwamna, sai an je kotu, ita ma ba lalle ba.

3. Me ya haɗa kwamfuta da ruwa?

Ku duba randar gidanku. Ruwan cikinta yana sanyi ne domin kaɗan daga ciki yana tsatsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Shi ya sa randa ta fi sanyi a busasshiyar iskar bazara fiye da cikin damina, kuma shi ya sa ruwan ke raguwa ko ba a sha ba. Cibiyoyi da yawa da wannan dabarar suke aiki, sai dai tasu randar hasumiya ce ta ƙarfe mai manyan fankoki: a zagaya da ruwa ya kwashi zafin, a bar wani sashe ya tashi tururi. Wanda ya tashi ya tafi ke nan, ba ya komawa kogi. Wanda ya rage kuma gishirinsa na ƙaruwa, dole lokaci zuwa lokaci a zubar da shi a kawo sabo.

A nan ne matsalarmu ta fi ta wasu. Wannan dabara ta fi aiki a inda iska ta bushe kuma rana ta yi zafi, wato Sakkwato daga Maris zuwa Mayu. Injiniyan da ke neman rage kuɗin wuta, ita zai fara zaɓa. Watannin nan uku kuwa su ne ake layin jarka a Mabera da Arkilla, su ne kuma kogi ke ja baya.

4. Ruwa nawa ake magana a kai?

Bari mu yi lissafin da kowa zai iya bi. Kafin tururi ya fitar da zafin awa ɗaya na kilowat ɗaya, wato yunit ɗaya na mitar gidanku, sai kimanin lita ɗaya da rabi ta ƙone. Matsakaiciyar cibiya mai cin megawat 10 tana shan yunit 240,000 a kwana ɗaya. Idan da tururi kaɗai take sanyaya kanta, lita 360,000 ke nan kullum, ko jarka 14,400 ta lita 25. Ku ƙiyasta kura nawa 'yan ga-ruwa za su tura kafin su kai wannan. In aka auna da lita 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da zai wadaci mutum a yini, ruwan mutum 7,200 ne.

Megawat 10 kuma ba babba ba ce a ma'aunin yau. Waɗanda ake ginawa domin ƙirƙirarriyar basira suna kai megawat 100 har fiye. A garin The Dalles na jihar Oregon a Amurka, cibiyoyin Google sun sha fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan garin a 2021. Mutanen garin ba su sani ba sai da wata jarida ta nemi alƙaluman, hukumar garin ta kai ta kotu don kada a bayyana, kafin ta janye a ƙarshen 2022. Wannan ɓoyon ne ya sa bayyana alƙaluma ya zo farko a amsa ta 12.

5. Ba muna da madatsar Goronyo ba? Ai ruwa ba zai gagara ba.

A takarda, haka ne. An kammala madatsar Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, an tsara ta ɗauki ruwa kubik mita miliyan 942. Ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato, wadda yanzu take jihar Zamfara, tana ɗaukar miliyan 450. Kusa da waɗannan, lita 360,000 a rana ɗigo ne.

Sai dai takarda daban, bazara daban. A 2018 ruwan Goronyo ya ƙafe har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ya kamata ta riƙe, bayan ƙarancin ruwan sama da yashin da ya cika gindinta shekara da shekaru. Birnin Sakkwato ya ji a jikinsa, manoman rani sun ji, mutanen Kebbi da ke ƙasan kogin ma sun ji. Shekara 8 kafin nan, a 2010, ambaliya ce ta share garuruwa a kwarin Rima. Kogin namu ke nan: wata shekara ya yi yawa, wata ya ɓace. Don haka tambayar ba ita ce ko akwai ruwa a jimillar shekara ba. Tambayar ita ce, a shekara irin 2018, a watan Afrilu, wa za a fara rufe wa famfo: mai albasa a Wurno, matar gida a Runjin Sambo, ko kamfanin da ke riƙe da yarjejeniya mai sa hannun gwamnati? Idan doka ba ta faɗa ba tun farko, mai lauya ne ke yin nasara.

6. To su haƙa tasu rijiyar burtsatse mana, su bar mana kogi.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba na mai fili ba ne shi kaɗai. Sakkwato tana zaune a kan wani babban kwarin ruwan ƙasa da masana ke kira Iullemmeden, wanda muke tarayya a kansa da Nijar da Mali. Ruwan saman da ke ciyar da shi wata huɗu ne kawai, Yuni zuwa Satumba, kuma sashen da ke can ƙasa sosai tsohon ruwa ne mai jinkirin cika. Wanda ya fi zurfin rijiya da ƙarfin injin shi ke janye na maƙwabta. Duk unguwar da wani mai hali ya haƙa burtsatse, rijiyoyin gidajen kusa suka fara ba da laka, ta san wannan karatu. Burtsatsen kamfani ma sai da lasisi, da mita, da iyaka.

7. Ba za a iya sanyaya su ba tare da ruwa ba?

Za a iya. Akwai na'urorin da ke sanyaya da iska kamar babbar iyakwandishan, akwai kuma tsarin da ake zuba ruwa sau ɗaya a rufaffen bututu ya yi ta zagayawa. Google ya koma tsarin iska a aikinsa na Yurugwai bayan farin 2023 ya tayar da jama'a, haka ma ya sake tsarin aikinsa na birnin Santiyago a Chile a 2024 bayan hukuncin kotun muhalli.

Amma kowace hanya da kuɗinta. Abin da aka rage a ruwa, a wuta ake biyan sa, kuma yadda zafin waje ya ƙaru haka kuɗin ke ƙaruwa. A garin da ma'aunin zafi ke haura 40 makonni a jere, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, bambancin ba kaɗan ba ne. Shi ya sa dokar da ta kula da ruwa ta manta da wuta, ko ta kula da wuta ta manta da ruwa, ture matsalar kawai take yi daga wannan aljihu zuwa wancan. A ra'ayina, a ƙasa irin tamu tsarin iska ko rufaffen bututu ne ya kamata ya zama wajibi, nauyin ƙarin wutar kuma ya hau kan kamfani (duba ta 9 da ta 10).

8. Layin wutarmu zai iya ɗaukar irin wannan kaya?

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024, kuma abin zai ninka har da ɗoriya kafin 2030. Nijeriya kuwa, mai mutum fiye da miliyan 200, babban layinta yawanci tsakanin megawat 4,000 da 5,000 yake rabawa.

Mu a Sakkwato a bakin wutsiya muke. Wutar tana tasowa daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, daga nan ƙaramin layi ya kawo ta nan, kamfanin rarraba wuta na Kaduna ya raba mana tare da Kebbi da Zamfara da Kaduna. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun yi fiye da mako cikin duhu. Tashar wuta ta jiha da aka fara tun 2008, megawat 38 aka tsara mata. Cibiya ɗaya mai megawat 100 ta ninka ta fiye da sau biyu da rabi. Kuma ba irin kwastoman da za a ce masa «yau ba layinku ba ne» ba ce. Ɗauke wutar minti ɗaya asara ce a wurinta.

9. Zai iya ƙara mana kuɗin wuta ko rage mana awoyi?

Zai iya, ta hanya biyu. Ta farko: tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin rukunin Band A zuwa naira 225 kan yunit ɗaya bisa alƙawarin awa 20 a rana, kamfanin rarrabawa ya fi samun riba a layin mai biya da tsada. Idan wutar da ake aiko wa jiha ba ta ƙaru ba, aka ƙara mata babban maciyi, to daga tiransifomar wasu za a yanko rabonsa. Mai walda da mai niƙa da mai ƙanƙara su za su fara gani.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ana iya gina sabon layi da sabuwar tasha saboda kamfani ɗaya, a watsa kuɗin cikin bil ɗin kowa, daga baya kamfanin ya rage aiki ko ya tashi. Jihar Ohayo ta Amurka ta toshe wannan ƙofa a 2025: cibiyar da ta haura megawat 25 a yankin kamfanin wuta na AEP dole ta biya aƙalla kashi 85 cikin 100 na wutar da ta ce a tanadar mata, ta sha ko ba ta sha ba, har tsawon shekara 12.

10. Ga rana kyauta, me zai hana su yi amfani da sola?

Babu abin da zai hana, kuma nan ne Sakkwato ke da abin tinƙaho. Samar wa kai wuta ma ba baƙon abu ba ne a nan, kamfanin siminti na Kalambaina da tasa tashar yake aiki. Sai dai sola da rana take aiki, kwamfuta kuwa har dare. Domin ciyar da megawat 10 dare da rana, ana buƙatar faifan sola mai ƙarfin kusan ninki biyar na hakan, da tarin batir, da fili mai gomomin hekta. Filin wa? Gonar gero ce ko burtalin makiyaya? Ga wanke faifan lokacin hunturu, shi ma ruwa ne. Inda batir ya gaza kuma janareton dizal ke tashi, da ƙararsa da hayaƙinsa. Saboda haka kalmar «sola» a takardar kamfani ba ta isa ba, sai an ga awa nawa take ɗauka a cikin 24.

11. Me wasu ƙasashe suka yi, kuma wace doka muke da ita a nan?

Singafo ta dakatar da sababbin cibiyoyi daga 2019 zuwa 2022, ta dawo tana zaɓar masu tsimin wuta. A Ailan cibiyoyin sun sha kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar a 2023, tun kafin nan ma aka daina haɗa sababbi da layi a yankin Dublin. Tarayyar Turai ta wajabta wa duk cibiyar da ta kai kilowat 500 ta riƙa bayyana wuta da ruwan da take sha. Texas ta yi dokar 2025 da ta ba da damar rage wa manyan masu shan wuta, daga megawat 75 zuwa sama, idan layi ya shiga matsi. Yawancinsu sai da abin ya cije su suka farka.

A Nijeriya ikon a warwatse yake. Dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 tana hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, hukumar tilasta bin dokokin muhalli, NESREA, ke sa ido. Lasisin ɗibar ruwa mai yawa na hukumar kula da albarkatun ruwa ta tarayya ne, madatsun kuma na Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ke ba da izinin samar wa kai wutar da ta haura megawat ɗaya. Hukumar raya fasahar zamani, NITDA, da hukumar kare bayanai sun fi damuwa da abin da ke cikin kwamfutocin, ba abin da suke sha ba. Jiha tana da makami biyu masu kaifi: dokar filaye ta 1978, wadda ta sa ƙasa a hannun gwamna, da dokar lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar kafa hukumarsu ta wuta, kamar yadda Enugu da Ekiti da Ondo suka karɓi ikon a 2024.

12. Waɗanne sharuɗɗa ya kamata jiha ta gindaya?

Na farko, kuma uwar sauran: a bayyana. Mita a kan kowane bututu da kowace burtsatse, alƙaluman wata-wata a fili, ba na shekara ba, domin jimillar shekara tana ɓoye bazara. Kada a yarda da sharaɗin sirri kan ruwa da wuta. Sirrin kasuwanci yana cikin kwamfuta, ba ya cikin kogi.

Daga nan sai tsarin fifiko a rubuce: idan ruwan Goronyo ya sauka zuwa wani mataki da aka ayyana, sha da dabbobi da noma su ne gaba, kamfani ya koma tsarin iska. Sai kamfani ya zo da wutarsa, ya biya kuɗin layin da aka ja dominsa, ya kuma yarda a rage masa idan gari ya shiga matsi. A hana taɓa fadama. A sa kuɗin ajiya da za a gyara rijiyoyin maƙwabta da shi in sun ƙafe, tare da auna zurfin ruwansu tun kafin a fara aiki, don kada gobe a ce dama haka suke. Lasisin kuma ya zama mai wa'adi, ana sabunta shi.

13. Wannan ba zai kori masu zuba jari ba, alhali matasanmu na neman aiki?

Lokacin gini ana ɗaukar birkiloli da leburori da masu walda da yawa. Da an gama, ma'aikatan dindindin kaɗan ne idan aka kwatanta da girman jarin: injiniyoyi, masu gadi, masu shara. Ba masaƙa ba ce. Ribar gaske ita ce haraji, da saurin intanet, da wayar da za a ja ta ratsa garuruwa, da rarar wutar sola da za a iya sayar wa unguwannin kusa in an sa a yarjejeniya. Kamfanin kirki ya fi son ƙa'ida bayyananniya a kan rigimar da za ta tashi bayan shekara biyar. Wanda mita kaɗai ta kore shi, dama da wata manufa ya zo.

14. Malamai suna da abin cewa a nan?

Suna da shi. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce Musulmi abokan tarayya ne a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Sakkwato ya daɗe da fifita haƙƙin shan mutum da dabba a kan sauran amfani, ya kuma hana mutum haƙa rijiyar da za ta cutar da ta maƙwabcinsa. Tsarin fifikon da ke amsa ta 12 ba daga Turai aka aro shi ba.

15. Idan na ji za a yi irin wannan gini kusa da garinmu, me zan yi?

Fara da uban ƙasa da kansila: fili nawa, a ina, wa ya nema. Doka ta tanadi a ajiye rahoton tantance illa ga muhalli a bainar jama'a na kwanakin aiki 21, galibi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, tare da sanarwa a jarida da rediyo. Ku je da wanda ya iya karanta irin wannan takarda, malamin jami'a ko injiniya ɗan garinku, ku shigar da ƙorafi a rubuce kafin wa'adin ya cika. Hukumomin tarayya kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana 7 su amsa takardar neman bayani.

A wurin taron jin ra'ayi, kada lemo da alƙawarin gina aji biyu su cinye lokacin. Tambaya huɗu ku riƙe: lita nawa a rana a watan Afrilu, daga wace rijiya ko wane kogi, megawat nawa daga layin gwamnati, kuma wa zai karanta mitar. Ku nemi a rubuta amsoshin a takardar taron, a sa hannu, a ba uban ƙasa kwafi ɗaya, ƙungiyar manoman rani ɗaya. Kafin motocin gini su iso, ku zura igiya a rijiyoyin unguwa, ku rubuta gaba nawa ne zuwa ruwa da kwanan watan da aka auna, a gaban mai unguwa da liman.